Sandar sirdi ta kabon mai ja-baya: tana ƙarko kuwa, ko asarar kuɗi ce?

Dan_Feda56:
Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya. Shawarar masana nake nema. Keken tsere ne ɗan kwatano, bodin alminiyam, lamba 56, ramin sandar sirdi milimita 27.2. Sandar da ke kai miƙaƙƙiya ce, kuma an tura sirdin baya har maɗaurin ya wuce zanen iyakar da ke jikin ƙarafan sirdin, amma har yanzu mazaunin bai kai inda ake so ba. Nauyin mahayi kilo 82. Akwai sandar kabon mai ja-baya milimita 25, wato wadda maɗaurin sirdinta ya koma baya da tsakiyar sandar, guda biyu a gabana. Ɗaya ta sanannen kamfani ce amma ta hannu, ɗayar kuma sabuwa fil marar suna daga kasuwar intanet, kuɗinta bai kai rubu'in na waccan ba. Shin kabon yana jure irin hanyoyinmu? 25 ɗin ce daidai, ko 15 ko 20? Kuma kuɗin da za a ƙara a kan na alminiyam ya cancanta?

Bakanike_Rimi:
Wa alaikumus salam. Tambayarka ta biyu ita ce uwa, sauran 'ya'yanta ne. Kafin ka taɓa aljihu, ɗauko rula ka duba ƙasan sirdin. Ƙarafan nan biyu suna da wani sashe miƙaƙƙe, shi ne wurin da aka yarda a kama. Nemo tsakiyarsa ka ɗiga alama da maka. Sai ka auna daga alamar zuwa tsakiyar maɗaurin sandar yadda yake a yanzu. Abin da ka samu, ka haɗa da ƙarin da kake so sirdin ya yi baya, shi ne ja-bayan da kake buƙata. In ya fito 12 zuwa 17, sayi mai 15. In ya kai 22 zuwa 28, sayi mai 25. Abin da ake so shi ne maɗaurin ya zauna kusa da tsakiya, ka samu rarar motsi gaba da baya.

Kuma yadda ka bar shi yanzu haɗari ne. Maɗauri ya kama gaban ƙarafa, nauyinka duk yana bayansa, rami ɗaya mai kyau zai lanƙwasa su.

SarkinGangare:
Kabon a titin da rami ke haihuwar rami? Ku dai ku ji tsoron Allah. Alminiyam in zai mutu sai ya lanƙwashe ya yi maka sallama, kabon kuwa ɓas kawai za ka ji.

Injiniya_Nm:
@SarkinGangare, maganar tana da rabin gaskiya. Wajen jure lanƙwasa da komawa sau dubbai, kabon da aka saƙa da kyau ya fi alminiyam, domin alminiyam yana tara gajiya a hankali har ya tsage, kuma tsagewar tasa ma ba kullum take sallama ba. Raunin kabon wani ne daban: ba ya son matsa a wuri ɗaya, ba ya son kaifi. Zaren an jera shi ne ya ɗauki nauyi ta tsawon sandar. In ka shaƙe shi da zoben ɗauri fiye da ƙima, shimfiɗun zaren suna rabuwa daga ciki, waje kuma yana nan sumul. Yawancin sandunan kabon da ke karyewa a bakin bodi suke karyewa, daidai inda zoben ya kama, kuma sifana ce ta fara kashe su tun kafin rami ya ƙarasa.

Adadin ɗaurin yana rubuce a jikin zoben ko a jikin sandar, galibi tsakanin 4 da 6 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti. In lambobin biyu sun saɓa, bi ƙaramar.

Dan_Feda56:
Injiniya, sifana mai awon ɗauri ba kowane mai gyara ke da ita ba. Akwai dabara?

Injiniya_Nm:
Akwai ƙiyasi, amma ƙiyasi ne. 5 Nm daidai yake da ka rataya kimanin kilo 5 a ƙarshen alanki mai tsawon santimita 10. Wato ƙarfin yatsu biyu ne, ba na dantse ba. Wanda ya cafki dogon alanki da tafin hannu ya murɗa har ya ji ya tsaya, ya wuce 10 bai sani ba. Akwai ƙananan makullai da aka saita a 4 ko 5 Nm, suna yin ƙas in an kai, Ritchey na yin su, Park Tool ma haka. Kuɗinsu bai kai na taya ɗaya mai kyau ba. Wanda ba zai sayi wannan ba, gara ya haƙura da kabon ɗin gaba ɗaya.

Mai_Giya11:
A shafa mata giris kafin a zura, kar ta kafe a ciki. Shi ke nan.

Bakanike_Rimi:
A'a Malam Mai_Giya11, a nan kam ka kauce. Giris na sandar ƙarfe ne a bodin ƙarfe. In ka shafa wa kabon, santsi zai sa ta riƙa nutsewa, mai keke ya ƙara ɗauri, ta sake nutsewa, ya sake ƙarawa, har a kai ga abin da Injiniya ya faɗa. Akwai man da aka yi domin wannan aiki, in ka murza shi a yatsa za ka ji yashi-yashi a ciki. Fiber Grip na Finish Line, ko SAC-2 na Park Tool. Shi yake sa ta kama da ɗauri kaɗan.

Yadda ake sawa: cire tsohuwar sanda, naɗe tsumma a sanda ka goge cikin bututun har tsohon giris ya fita tas, da ɗan sifirit in akwai. Sai ka zura yatsa ka shafa bakin bututun da gefen tsagar nan ta baya. In ka ji kaifi ko ɗan ƙaya, goge shi da samfefa mai laushi, domin shi ne yake zana kabon kamar wuƙa. Shafa man siriri a iya sashen da zai shiga. Zura ta a miƙe, kar ka riƙa murɗa ta hagu da dama kamar mai tuƙa tuwo, yashin zai ci fentin. Ɗaure a hankali har adadin. Daga nan ka naɗa ɗan salatif daidai bakin zoben, in ta nutse za ka ga ya tattare.

Mai_Giya11:
To na karɓi gyara. Amma maganar kafewa fa tana nan.

Bakanike_Rimi:
Tana nan daram. Kabon da alminiyam in suka haɗu da ruwa mai gishiri, wato gumi, alminiyam ɗin ne yake ciwuwa, ya fitar da farin gari ya cika tsakanin, sanda ta kafe kamar an yi mata walda. Man kabon yana rage hakan amma ba ya hanawa ɗungurungum. Duk wata uku a zare ta a goge a sake shafawa, musamman bayan damina da kuma bayan ƙurar hunturu, don ƙurar tana bin tsagar nan ta shiga ta riƙa goge sandar a hankali. In kuma ta riga ta kafe, kar a kusanto da wuta, kar a kama ta da filaya.

Ummi_Tsere:
Ina so in mayar da mu baya kaɗan. Malam Dan_Feda56, me ya sa ake son sirdin ya ƙara yin baya? Dalilin yana da muhimmanci. In saboda kan keken ya yi kusa ne kana jin ka takure, ba sirdi ake turawa ba, wuyan kan ake canzawa, daga milimita 90 zuwa 100 ko 110. Wurin sirdi ana saita shi ne da feda, ba da hannu ba. Alamar mai buƙatar ja-baya da gaske ita ce nauyi ya taru a tafin hannu, yana zamewa gaba, in ya saki kai yana feda a kan abin horo na gida sai ya ji zai kifa. Wanda kuma ya yi baya fiye da kima, cinyarsa za ta riƙa matse ciki in ya sunkuya, bayan gwiwa ya riƙa ja.

Sannan a lura da irin sirdin. Gajerun sirdin nan masu guntun hanci da suka yaɗu tun da kamfanin Specialized ya fitar da sirdinsa mai suna Power a 2015, tsawonsu wajen santimita 24 ne, na da kuwa 27 zuwa 28. In ka auna daga hanci za ka ruɗe da kusan santimita uku. Gara ka nemi inda faɗin sirdin ya kai santimita 8 ka riƙa aunawa daga nan, ko wane sirdi ka ɗora.

Injiniya_Nm:
Malama ta taɓo wuri mai kyau. In ƙara lissafi biyu. Kusurwar bututun sirdi a yawancin kekunan tsere tana tsakanin digiri 73 da 74, ƙananan bodi kan kai 74.5 ko fiye. A tsayin sirdi na santimita 70, digiri ɗaya yana matsar da mazauni kusan milimita 12. Shi ya sa mutum ɗaya zai zauna daidai da miƙaƙƙiyar sanda a wani keken, a wani kuma sai da mai 25. Ba jikinsa ne ya canza ba, bodin ne.

Na biyu, duk milimita 10 da ka ja sirdi baya, nisansa da feda yana ƙaruwa da kusan milimita 3. Sai ka sauke sandar da wannan adadin, in ba haka ba ka gyara abu ɗaya ka ɓata wani. Kuma kan kowace sanda da tsayinsa, don haka kar ka kwafi tsawon da tsohuwar ta fito, auna daga tsakiyar aksul ɗin feda zuwa saman sirdi.

SarkinGangare:
Duk na ji. Amma ai mai ja-baya ta fi miƙaƙƙiya saurin karyewa, tunda nauyin ya fita daga kan bututun ya koma baya. Wannan ko ɗan firamare ya sani.

Injiniya_Nm:
Ɗan firamaren ya sake lissafi. Ƙarfin da ke lanƙwasa sanda a bakin bodi ya dogara ne da inda mazaunin mahayi yake, ba da siffar kan sandar ba. In sirdin yana wuri ɗaya a sarari, ko ka kai shi can ta hanyar tura ƙarafa ko ta hanyar ja-baya, bakin bodi abu ɗaya yake ji. Abin da ya canza shi ne wanda ke ɗauke da wahalar a sama: da ƙarafan sirdi ne siraran milimita 7, yanzu kan sandar ne da aka ƙera domin hakan. Inda maganarka take da gaskiya shi ne in kan ba a ƙera shi da kyau ba. Akwai sandunan da bututun kabon ne, kan kuma alminiyam aka manna da gam. In mannin ya saki, sirdi zai fara juyawa hagu da dama alhali zoben ƙasa a ɗaure yake. Wadda aka zuba kai da jiki tare ba ta da wannan matsalar, amma ita kuma a duba lungun da kan ya karkata baya.

Velo_Maradi:
Sannunku da aiki. Ba wanda ya yi maganar maɗaurin sama, kuma nan ne mutane suke sayen abin da bai shiga ba. Ƙarafan sirdi na ƙarfe zagayayyu ne, milimita 7. Na kabon kuwa masu siffar ƙwai ne, 7 a faɗi, 9 ko fiye kaɗan a tsayi. Maɗaurin da ke kamawa sama da ƙasa yawanci yana karɓar duka biyun. Mai noti ɗaya da ke matsewa daga gefe da gefe kuwa sai da kunnuwan da suka dace da girman, shi ya sa Ritchey take sayar da kunnuwan daban. In ka matse mai siffar ƙwai da kunnen zagaye, ka fasa sirdi mai tsada.

Ga mai kilo 82 a hanya mai gargada, ni mai noti biyu gaba da baya zan ce. Ka sassauta ɗaya ka ɗaure ɗaya, hancin sirdi ya ɗaga ko ya sauka daidai yadda kake so, kuma rami ba ya kifar da shi. Mai noti ɗaya yana da sauƙin sawa, amma yana son ɗauri mai yawa, wasu har 12 Nm, kuma in ka faɗa rami kana zaune a baya sai ka ji hanci ya kalli sama. Aibin mai noti biyu a sanda mai ja-baya shi ne notin gaba yakan ɓuya ƙarƙashin sirdi, sai da alanki mai kan ƙwallo.

KekeDaShayi:
Ni tambayata, laushin nan da ake ta yabon kabon da shi, gaskiya ne ko tallan kamfani?

Injiniya_Nm:
Gaskiya ne, da sharaɗi. Sanda tana lanƙwasa ne gwargwadon tsawon da ya fito waje, kuma ba ninki ɗaya ba: in tsawon ya ninka biyu, lanƙwasar tana ninka kusan takwas. Mai santimita 20 a waje zai ji bambanci sosai. Mai santimita 8 a tsohon bodi mai miƙaƙƙen bututun sama, ko da zinare aka yi sandar ba abin da zai ji. Kauri ma haka: in kaurin bango ɗaya ne, 31.6 ta fi 27.2 tauri da kusan rabi. Shi ya sa masu ramin 31.6 suke sa hannun riga, wato bututun da ake zurawa a ramin ya rage faɗinsa, su koma 27.2, amma hannun rigar ya kai santimita 8 zuwa 10 a tsawo, ba guntu ba.

Kuma ba kowace kabon ce mai laushi ba. Akwai waɗanda aka ƙera domin su lanƙwasa, kamar P6 HiFlex ta Syntace, ko mai ganye biyu ta Canyon da Ergon wadda aka tsaga ta gida biyu kamar sifirin mota. Ita wannan 27.2 ce, ana juya kanta a canza ja-bayan, sai dai in za ka gyara karkatar sirdi dole ka zare ta daga bodi. Akwai kuma kabon mai kaurin bango da ta fi wata alminiyam ɗin tauri.

Ummi_Tsere:
Kuma kafin a kashe kuɗin laushi a sanda, a duba taya. Wanda yake kan taya mai faɗin milimita 23 ko 25 da iska kamar dutse, in bodinsa yana karɓar 28 ya koma can ya rage iska, zai ji sauƙin da ya fi na sanda, kuma har a hannu, ba a mazauni kaɗai ba.

Alhaji_Kilomita:
Maganar kuɗi. Ta kabon ta sanannen kamfani, sabuwa, tana kaiwa dala 150 zuwa 300. Ta alminiyam mai kyau dala 40 zuwa 100. Bambancin nauyi a 27.2 mai tsawon milimita 350 bai cika wuce giram 50 zuwa 100 ba, ruwan kurɓa uku a gora. In ja-baya kawai ake nema, alminiyam ta biya buƙata. Zipp Service Course tana da mai 20. Thomson Elite tana da mai 16, sai dai ita jikin sandar aka lanƙwasa, don haka ba ta shiga bodi ta wuce gwiwar, mai gajeren fitowa ya kula. Wanda cinyarsa doguwa ce ƙwarai, FSA tana da mai 32.

Dan_Kasuwa_Online:
Alhaji, ranka ya daɗe, ku daina tsorata mutane da marasa suna. Manyan ma ai a China da Taiwan ake yi musu. Suna kawai ake saya.

Alhaji_Kilomita:
Ƙasar da aka yi ba ita ce maganar ba, ɗana. Wa ya gwada, kuma wa za ka kama in ta karye? Akwai ƙa'idar ISO 4210, kashi na 9 nata na sirdi da sandarsa ne, har da gwajin gajiya. Kamfanin da ke da suna yana da abin da zai rasa in ya tsallake. Marar suna yau yana nan, gobe ya canza shago. Rubutun T700 ko T800 a jiki sunan zaren kamfanin Toray na Japan ne, bai gaya maka yadda aka jera shi ko yawan kumfar iskar da ta maƙale a ciki ba. Saƙar tabarmar nan da ake gani a waje ma sau da yawa ado ce. Mafi muni su ne masu ɗauke da tambarin babban kamfani a farashin marar suna. Wanda ya yi ƙarya a suna ba zai yi gaskiya a ciki ba.

Bakanike_Rimi:
Ni abin da ya fi damuna da masu arhar shi ne kauri. A rubuta 27.2, ka sa ma'aunin kauri ka ga 27.0, ko ta wannan gefen 27.1 ta wancan 27.3. Milimita 0.2 ya isa ta riƙa nutsewa, sai a koma ƙara ɗauri ko a cusa yankin gwangwanin lemo, wanda gefensa reza ne ga kabon. In ka saya, auna ta a wuri uku, kowane wuri ta fuska biyu. Leƙa cikinta da tocila ka ga ko kaurin bango ɗaya ne zagaye. Notocin da suke zuwa da ita ma sukan yi laushi, kan ya cinye tun ɗaurin farko.

Dan_Kasuwa_Online:
To ai ta hannun ma ba ka san wanda ya shaƙe ta ba. A nan wacce ta fi?

Bakanike_Rimi:
Wannan kuma gaskiyarka. Ta hannu sai an yi mata binciken amarya. Wanke ta, haska tocila a karkace daidai inda tsohon zobe ya zauna. Ɗan dusashewar fenti ba komai. Amma in farce yana maƙalewa a zanen, ko ka ga farin layi a tsaye mai bin tsawon sandar daidai inda tsagar bodi take, ko wurin ya ɗan lotsa, mayar wa mai ita. Ƙwanƙwasa ta da kwabo daga sama zuwa ƙasa, lafiyayyen wuri yana ƙara ƙal ƙal, wurin da ya rabu daga ciki yana yin dum. Gwajin kwabon ba ya kama komai da komai, amma abin da ya kama ya kamu. Duba kuma ko an yanke ta: auna daga zanen iyakar shiga zuwa ƙarshe, ya kamata ka samu wajen santimita 8 zuwa 10. In ka ga 4, an yanke, zanen ya zama ƙarya. Sannan ko me zanen ya ce, ƙarshen sandar ya sauka ƙasa da mahaɗar bututun sama, in ba haka ba bodin ne zai tsage.

KekeDaShayi:
Yanke ta halal ne ke nan?

Velo_Maradi:
Halal ne in kamfanin bai hana ba. Naɗa salatif a wurin, sa zarto mai ƙananan haƙora, 32 a inci, ko wanda aka yi don kabon, ka bi da abin saita yanka don ya miƙe. Jiƙa wurin da ruwa, rufe hanci, ƙurar ba ta shaƙa ba ce. Kar ka danna, bar zarton ya ci da kansa, in ka kusa ƙarshe ka juya sandar kar zaren ya tsage. Goge bakin da samfefa, sai ka sake zana sabuwar iyakar shiga. Amma giram 20 za ka rage, ba dole ba ne sai in tana dukan notin gora a ciki. Mai giyar lantarki ta Shimano kuma ya tuna batirinsa a cikin sandar yake zama.

Dan_Feda56:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga awon: maɗauri yana milimita 22 gaba da tsakiyar ƙarafa, ana son ƙarin kamar 5. Sandar ta fito santimita 17. Taya 25 ce. Nauyi yana taruwa a hannu, ba takura ba ce, Malama. Ƙarafan sirdin zagayayyu ne.

Ummi_Tsere:
To sanda mai ja-baya 25 ce taka, ba 20 ba. Amma ka sa ta a wurin da sirdin yake yanzu tukuna, ka yi mako guda, sannan ka ƙara biyar ɗin ka sauke milimita ɗaya ko biyu.

Alhaji_Kilomita:
Sayi alminiyam mai 25, canjin ka sa a taya 28. In wurin zaman ya tabbata bayan wata uku, sai ka yi tunanin kabon.

Injiniya_Nm:
Da santimita 17 a waje da 27.2, zai ji amfanin kabon mai kyau, Alhaji. In ta hannun ta ci jarrabawar Bakanike, kuma iyakar nauyin da kamfanin ya rubuta ta haura 82 da rara, ni ita zan ce, tare da makullin 5 Nm da man kabon a lissafin kuɗin.

SarkinGangare:
Ni dai ina nan kan bakana.

Bakanike_Rimi:
Dan_Feda56, ɗauko hoton ta hannun ta baya, daidai inda zobe ya kama, da tocila a gefe ba a gaba ba. Ka haɗa da hoton kan ta ƙasa mu ga noti nawa ne.